Ga iyaye da masu riƙon yara: abin da ya kawo faifanku lakwal

Assalamu alaikum,

Iyaye mata da dama sun aiko suna tambayar inda faifai da cocila ke zuwa duk ran Laraba da marece. Kada a ga laifin yaran, mu muka sa su. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu a nan Tawa ce ke aiki da kayan.

A wannan zango suna karatun wasu taurari biyu masu zagaya juna, da ake kira Hercules X-1. Ɗaya ya kusa ninka rana sau biyu a nauyi. Ɗayan gawar tauraro ce da ta dunƙule, faɗinta wajen kilomita 20 kacal, amma ta fi rana nauyi. Ƙaramin ke zuƙe gas daga jikin babban. Gas ɗin kuwa sai ya yi ta kewaya shi, ya baje kamar faifai, ya ɗau zafi har ya fidda hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a likita.

Tauraron ɗan adam Uhuru, wanda aka harba daga gaɓar Kenya a 1970, shi ya gano su a 1971. Kwana 1.7 suke kammala zagaye. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne wani juyi mai tsawo: duk kwana 35, hasken ya yi ƙarfi wajen kwana goma, ya dushe, ya ɗan leƙo a raunane, ya sake ɓuya. Bayanin da aka fi yarda da shi, faifan gas ɗin a karkace yake, yana tangaɗi sannu a hankali kamar murfin tukunya da ya faɗi ƙasa, gefensa na tare mana hasken.

Nan faifanku ya shigo. Sai a rufe tagogin aji, yaro ɗaya ya riƙe cocila a tsakiyar faifai, wani ya karkata shi yana juyawa, na bayan aji suna rubuta lokacin da hasken ya ɓace. Wata ɗaliba ta tambayi mushe me ya sa juyin hasken SMC X-1, wasu taurari biyu irin waɗannan, ke sauyawa tsakanin kwana 40 da 60. Ya ba ta tambayar ta zama aikinta na zangon.

Abu ɗaya dai: hasken X ba ya ratso iskar da ta lulluɓe duniya, ido ba ya ganinsa. Duk yaron da ya ce zai fita bayan isha'i kallon Hercules X-1, yawo za shi.

Za a mayar da kayan ran Laraba mai zuwa. Faifai ɗaya ya yage a gefe, makaranta za ta sayi sabo.

Hukumar makaranta