Malam Edita, me zai hana jaridarku ta buɗe nata dandalin?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki. Ina so ne in ɗan ja hankalinku kan wani abu da na ga kamar mun manta da wuri, wato abin da ya faru a watan Yunin 2021 lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya sanar, aka ba kamfanonin sadarwa umarni, washegari kawai shafin ya daina buɗewa, sai da aka kai Janairun 2022 kafin a sake shi, wata bakwai kenan fa. Kowa ya koma VPN, wato manhajar da ake kewaye toshewar da ita, har ministan shari'a na lokacin Abubakar Malami yana barazanar gurfanar da masu shiga ta bayan fage. Daga baya kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka, amma ai an riga an sha wahalar.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ita kanta gwamnatin sai ta koma Koo, wani shafi irin Twitter na Indiya, to yanzu ina Koo ɗin? A 2024 suka rufe shago, duk wanda ya tara mabiya a can sun tafi a banza. Duk mu 'yan haya ne a waɗannan shafukan, ranar da mai gida ya ga dama ko aka matsa masa sai ka ga kayanka a waje.

Shi ya sa nake ganin ya kamata mu fara kallon irin su Mastodon. Wani matashi Bajamushe Eugen Rochko ne ya fito da shi a 2016, kuma ba shafi ɗaya ba ne mai mamallaki ɗaya, manhaja ce kyauta da kowa zai iya ɗorawa a kan sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin tana aiki dare da rana. Sabobin nan suna magana da juna ta wani tsari da ake kira ActivityPub, kamar dai yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo saƙo ya isa lafiya. Kai kana kan sabar 'yan jarida ni ina kan ta ɗaliban jami'a amma ina bin ka ina ganin rubutunka har in yi maka kwamen. Mai son toshewa kuma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba wasiƙa guda zai rubuta a gama ba, ya toshe wannan gobe wata ta ɓullo. Lokacin da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 mutane da yawa Mastodon suka gudu.

Gaskiya dai ba na son in yi ta kuranta abin kamar maganin komai ne. A Satumban 2021 da aka kashe netwok gaba ɗaya a Zamfara, ko saba dubu gare ka ba abin da za ta tsinana maka, haka a Nijar da aka yanke intanet na waya bayan zaɓen Fabrairun 2021. Sannan mai riƙe da sabar mutum ne da ke da suna da adireshi, kama shi ya fi sauƙi a kan kama babban kamfani a Amurka, kuma yana iya karanta saƙonnin inbos ɗinku in ya so don ba a rufe suke ba. Ga kuɗin haya na wata-wata da dala, in kuma ka ce a ɗakinka za ka ajiye ta sai ka shirya da wutar NEPA. In ka canza saba mabiyanka za su bi ka amma tsofaffin rubuce-rubucenka ba za su bi ba, wannan kam yana da ciwo.

Amma wani abu da ya fi jan ra'ayina shi ne sa ido kan abin da mutane ke wallafawa. Wanda zai yanke hukunci kan rubutun Hausa zai zama mai jin Hausa ne, ya san habaici ya san wasan Fulani da Barebari ya san kuma lokacin da magana ta zama tunzura jama'a da gaske. Kuma in saba ta zama matattarar 'yan zagi sauran suna iya yanke hulɗa da ita, haka aka yi wa wani shafin Amurka mai suna Gab a 2019.

To Malam Edita BBC ma sun gwada buɗe tasu sabar a 2023, gwamnatin Jamus ma tana da tata. Ku kuna da masu kula da shafinku na intanet kuma kuna da lauyoyi, abin da ɗaiɗaikunmu ba mu da shi. Ku fara da wakilanku da marubutanku kawai, mu kuma mu bi ku daga inda muke, ba sai kun bar Facebook ba. Don Allah ku sa wakilinku na kimiyya ya yi mana lissafin nawa abin zai ci a wata ya buga mu gani.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karanta jaridarku daga Kano