Ɗalibanmu da ke ƙetare suna buƙatar waya, suna buƙatar mutum

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ƙanwata tana karatun likitanci a Alƙahira. Rajista, biyan kuɗin makaranta, neman ranar sabunta iƙama (takardar izinin zama a ƙasar), duk ta waya take yi, kuma wannan sauƙi ne babba. Amma a watanta na farko zazzaɓi ya kwantar da ita a ɗaki, ga shi ba ta jin Larabcin Masar. Wata ɗaliba Bakatsiniya da ta riga ta zuwa ce ta kai ta asibiti, ta kwana a wurinta.

Mu tuna Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, ta WhatsApp ɗalibanmu da yawa suka riƙa samun labarin motocin da za su kai su iyakar Masar. Wanda cajinsa ya ƙare ko intanet ya yanke masa, sai wanda ya san ɗakinsa ya je ya ƙwanƙwasa.

Ina roƙon hukumomin tallafin karatu na jihohinmu su buɗe lambar da ake amsawa dare da rana, su kuma ajiye jami'i a kowane birnin da ɗalibanmu suka taru, wanda sabon zuwa zai gani ido da ido tun makonsa na farko.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya