Godiya ga shagon Ikeja da ya taimaka mini na ceto kaset-kaset ɗin Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a ga wani ƙaramin shago da ke saman bene a kasuwar kayan kwamfuta ta Computer Village a Ikeja, ga mai shagon, musamman kuma ga matashin Bakatsinen da ke zama a teburin gwaji. Ba su san zan rubuto ba, shi ya sa ban kama suna ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne a Agege, kuma mutum ne mai son ɗaukar bidiyo. Kyamarar Sony gare shi, mai cin ƙaramin kaset ɗin nan na Hi8 da kamfanin ya fito da shi a 1989. Da ita ya ɗauki sunan ƙannena, da saukar Alƙur'anin yayanmu, da hawan Sallar da ya kai mu kallo Kano, da hirar tsakar gida inda muryar kakarmu take. Bayan rasuwarsa muka tarar da kaset-kaset cike da akwati, wasu har sun fara fumfuna, don laimar Legas ba ta ƙyale komai. Burina in juye su cikin kwamfuta kafin su lalace, in raba wa dangi. Abin da nake buƙata kawai shi ne na'urar da ke karɓar bidiyo daga kyamara ta shigar da shi kwamfuta.

Neman wannan na'ura ya ba ni wahalar da ban zata ba. Shagon da na shiga duk, kafin in rufe baki an miƙo mini wata 'yar aba mai bakin USB da wayoyi rawaya da ja da fari, ba sunan kamfani, ba takardar bayani, a ce, "Ita ce, Madam." Wadda aka sayar mini hoton sai rawa yake, kuma murya ba ta tafiya tare da baki: a farkon kaset da sauƙi, kafin a kai tsakiya Baba ya gama magana sannan muryarsa ke isowa. Da na mayar, aka ce kaya in ya fita ba ya dawowa. A wani wurin aka matsa mini in sayi akwatin da ke fitar da hoto ta HDMI, wayar talabijin ta zamani, wai zai mayar da tsohon bidiyo sabo fil. Da aka gwada, fuskokin mutane duk sun baje. Wani kuma ya ce in bar masa kaset-kaset ɗin in dawo wani mako, ba rasit, ba komai a rubuce. Abin da ya fi ɓata mini rai, ni ke tambaya, ni ke riƙe da kuɗin, amma ɗana da ya rako ni ake juyawa a ba amsa.

A wannan shago kuwa, matashin nan bai ɗauko komai daga kanta ba sai da ya ba ni kujera ya yi tambayoyi. "Hajiya, wane irin kaset ne? Kyamarar tana aiki? Dukansu a nan aka ɗauka, ko akwai wanda aka aiko daga waje?" Tambayar ƙarshen nan ta ba ni mamaki, domin akwai guda da kawunmu ya aiko daga Amurka. Ya ce Najeriya tsarin PAL take bi, hoto 25 a daƙiƙa da layi 576, ita kuwa Amurka NTSC ce, hoto kusan 30 da layi 480. Don haka dole na'urar ta iya karɓar tsarin kaset ɗin, a kuma saita ta a kansa. Ya ware na Amurkan gefe, ya ce shi sai an samo kyamarar da ta dace da shi.

Sai ya juya kyamarar Baba ya nuna mini wata zagayayyar kafa da ban taɓa lura da ita ba. Ya ce sunanta S-Video. Rawayar wayar da kowa ya sani tana cuɗa haske da launi wuri guda, ita kuwa wannan tana raba su, shi ya sa hotonta ya fi fita tas. Tunda kyamarar Hi8 ce kuma tana da kafar, asara ce a sayi na'urar da ba ta da ita. Ya shiga saitin kyamarar ya kunna wani abu da ake ce wa TBC, wanda ke daidaita tafiyar hoton tsohon kaset, ya ce ba kowace kyamara ke da shi ba, mun yi sa'a. A gabana ya haɗa wata na'urar karɓar bidiyo mai suna Hauppauge USB-Live2 da laftof ɗinsa, ya sa kaset ɗin saukar yayanmu, ya bar shi ya yi nisa sosai don in ga da idona ko murya za ta rabu da baki. Ba ta rabu ba. Na ga Baba ya shigo hoto yana gyara hularsa, hawaye suka zubo mini, shi kuma yaron nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, Hajiya."

Akwai abin da ya faɗa mini wanda zai iya hana shi ciniki, amma ya faɗa. Ya ce in a dangi akwai mai kyamarar Digital8, wadda Sony ta fitar a 1999, wasu daga cikinsu suna karanta kaset ɗin Hi8 su tura shi kwamfuta kai tsaye ta wayar FireWire, ba sai an sayi wata na'ura ba. Ba mu da ita, amma daga nan na san da wanda nake magana. Ya kuma hana ni sa masu fumfuna a kyamarar, domin za su ɓata kan da ke karanta kaset, su kuma shafa wa sauran. Ya ce in riƙe kyamarar nan hannu bibbiyu, an daina ƙera irinta. Ko na'urar bidiyon gida ta VHS, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana ƙera ta ya daina tun 2016.

Sauran bayanin a takarda ya rubuta mini. Kaset na minti 90, minti 90 zai ci ana juyewa, ba a gaggauta shi. In yi da laftof mai caji, kyamarar ma da batirinta, saboda ɗaukewar wuta. In bar hoton a siffarsa ta tsohuwar talabijin, kada in ja shi ya cika faffaɗan allo. Babban fayil ɗin a ajiye shi wuri biyu, ƙarami a tura wa dangi, domin WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau. Mai shagon ya ba ni rasit, ya ce in ta ƙi aiki da kwamfutata in dawo da ita.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki a kasuwanninmu. Tambayar mai saye me yake so, da gwada masa kaya kafin ya biya, da ba shi rasit, ai ba alfarma ba ce. Amma yau sai ka ga mai shago bai san abin da yake sayarwa ba, kuma yana jin kunyar ya ce bai sani ba, gara ya ɗora maka abin da ke gabansa. Mu mata kuma abin ya fi yi mana yawa a wuraren kayan lantarki, ana ganin duk abin da aka ba mu za mu karɓa. Gidaje nawa ne a Agege da Idi Araba da Mile 12 ke da irin wannan akwati na bukukuwa da tafiyar Hajji, masu shi sun gwada sau ɗaya an cuce su, sun haƙura?

Yanzu na juye mafi yawan kaset-kaset ɗin, saura masu fumfuna da ke jiran a tsabtace su, da na kawunmu. Ƙanena Bakatsine, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabatanka, ya ba ka naka shagon. Mai shago, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa.

Taku,
Wata 'yar'uwarku daga Agege, Legas