Ƙararrawar da ta tsayar da mu a hanyar Tarkwa Bay

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san shirun ya yi tsawo, amma abin da ya same ni ranar Asabar ba wanda zan iya faɗa wa ya gane sai kai.

Ka tuna jirgin maigida da na ce maka ba shi da farfela a waje, sai dai ya zuƙi ruwa ta ragar ƙarfe a ƙarƙashinsa ya feso shi ta baya? Muna kan hanyar Tarkwa Bay, wata gaɓar teku a nan Legas, da baƙi biyar sai na ji ya fara karkarwa, na ƙara totur, inji yana ihu amma jirgin ba ya gaba, can kuma ƙararrawa ta ɗauka babu ƙaƙƙautawa. Maigida ya ce in ci gaba, wai waya ce ta saki kamar kwanakin baya. Na leƙa ramin da ruwan sanyaya inji yake tsartuwa ta gefe, na ga ɗigo kawai yake yi, nan take na kashe. Famfon da ke tura jirgin shi ne ke ba inji ruwa, saboda haka idan ya toshe, zafi ne zai biyo baya.

Na zare makulli na sa a aljihu kafin in buɗe murfin baya in zura hannu, kamar yadda kake yi mana faɗa tun muna Yawuri. Leda biyu na fara cirowa, sai ciyawar ruwa, sannan yatsuna suka taɓa igiyar masunta da ta nannaɗe sandar farfelar da ke cikin famfon, har zafi ya narkar da ita ta manne. Kusan awa guda na yi ina yanka ta da wuƙa ina ja da filaya, igiyar ruwa tana ta kaɗa mu.

Maigida yana yawan cewa ai don ruwa marar zurfi Bill Hamilton na New Zealand ya ƙera irin wannan jirgi a 1954. Gaskiya ne idan yana gudu, amma tayar da shi a ruwan da bai kai mita ɗaya ba, yashi da tsakuwa yake haɗiya, kuma haka muke yi a bakin gaɓa kullum.

Damuwata yanzu ita ce ƙararrawa ta yi shiru, ruwan sanyi ya dawo, amma jirgin yana jinkiri wajen ɗaukar gudu. Na haska fitila na ga bakin farfela ya ɗan gutsure, zoben da ke kewaye da ita kuma ya yi zane. Kai da kake taƙamar kunnenka ya fi na'ura, gaya mini, a goge ta ko a sauya su duka biyun? Ina so in ji daga gare ka kafin in yi wa maigida maganar kuɗi.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Legas