A buɗe wa yaran nan ɗakin kwamfuta

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili in yi magana da shugabannin makarantunmu na ƙasar Daura, da kuma iyaye 'yan uwana.

Sana'ata cajin waya da sayar da kati. Da yake ina da sola, wasu ɗalibai su biyar, maza uku mata biyu, suka roƙe ni benci ɗaya da soket a ƙuryar shago. Bayan la'asar suke zuwa, matan su tashi kafin magariba. Fim ɗin katun suke haɗawa, na minti huɗu, kan isowar Bayajidda rijiyar Kusugu da yadda ya kashe macijin nan Sarki da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar tana nan cikin gari, baƙi na zuwa ganinta har su sha ruwanta, amma 'ya'yanmu sun fi sanin katun ɗin Japan da na Amurka a kan labarinta.

Mai kallo bai san wahalar wannan aiki ba. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Masu zane kan sassauta wa kansu su zana 12, a nuna kowanne sau biyu. To a lissafa: minti huɗu sakan 240 ne, zane 2,880 ke nan in komai zai motsa. Shi ya sa suke dabara, a zana ganuwa da rijiya sau ɗaya su zauna yadda suke, doki da mutum kawai ke motsi a kansu. Ɗaya yana zane da fensir, ya ɗora waya kan gwangwanin madara biyu ya ɗauki hoton kowace takarda. Ɗaya daga cikin 'yan matan ita ke sa launi a manhajar Krita, wadda kyauta ake sauke ta. Fitowar macijin daga bakin rijiya ita ta fi ba su wuya: in ya yi sauri sai ya zama abin dariya, in ya yi sanyi ba ya ba kowa tsoro. Na ga sun yi ta gardama a kai har ɗaya ya yi fushi ya fita, can sai ga shi ya dawo da igiyar guga, yana jan ta a ƙasa suna kallon yadda take lanƙwasa.

Ɓangaren sauti kuwa ya fi burge ni. Ƙarar kofaton doki da ƙoƙo biyu suka yi ta a kan daɓe. Muryar tsohuwar da ta sauki Bayajidda kakar ɗayansu ce ta yi, suka lulluɓe da bargo ita da jikan don kada ƙarar babura ta shiga. Hajiyar ma ba ta bar su haka ba, ta ce sun tsallake wurin da Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin, maƙaryata suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne. Dole suka koma suka ƙara wannan fitowa, kuma ga dukkan alamu ita ce za ta fi ba mutane dariya.

Akwai masu wucewa su ce yara sun zauna wasan banza. Ga waɗannan nake tuna wani abu. Nan maƙwabtanmu Nijar, Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, tun 1966 ya yi katun da kwaɗi yana zolayar shugabanni masu son fareti da tafiye-tafiye. Ya rasu a 2015, kuma duk inda ake tarihin katun a Afirka sunansa na sahun gaba. Shi da ya fara a zamanin da ba waya ba kwamfuta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Laftof ɗaya suke da ita su biyar, batirinta ya mutu, da an taɓa wayar cajinta ta mutu sai aikin da ba a adana ba ya tafi. Alhali makarantar da uku daga cikinsu ke karatu tana da ɗakin kwamfuta, da kwamfutoci a jere an rufe su da leda, da kwaɗo a ƙofa. Sun nemi izinin shiga da yamma, aka ce mai makulli ya tashi. Suka koma, aka ce kaya ne na gwamnati, in wani abu ya lalace wa zai biya? Ba zan kama sunan makarantar ba, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Tsoron sata da ɓarna gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma maganinsa littafin sa hannu ne da malami ɗaya mai zama da su, ko da kwana biyu a mako, ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙa ba shi ɗan kuɗin mai. Iyayen 'yan mata ma hankalinsu zai fi kwanciya da makaranta a kan shagon bakin titi, ni kaina na fi son haka, ko ba komai benci na zai dawo wa masu jiran caji.

Roƙona na biyu ga shugabannin makarantu: in yaran sun gama, a ba su minti huɗu ranar raba kyaututtuka, a kafa farin ƙyalle a haska fim ɗin gaban iyaye. Lasifika ni zan kawo.

Naka,
Mai shagon cajin waya,
Daura, Jihar Katsina