Ba Rashin Zuciya Ne Ya Kayar Da Dodgers Ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na rubuto ne kan shirinku na wasanni na daren Asabar, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Da aka ce za a taɓo wasan besbol na Amurka murna na yi, don ba kasafai gidajen rediyonmu suke waiwayarsa ba. Sai ga mai gabatarwa ya yanke hukunci a numfashi ɗaya, wai girman kai da rashin zuciya ne suka kayar da ƙungiyar Los Angeles Dodgers a 2022, wai haka manyan ƙungiyoyin besbol suke, da zarar an shiga zagayen fitar da gwani sai gwiwarsu ta yi sanyi. Wannan shaci-faɗi ne, kuma bai dace a cusa wa masu sauraron da ba su san wasan ba irin wannan magana.

A duba abin da ya faru. Dodgers ta ci wasa 111 cikin 162 a kakar, San Diego Padres ta ci 89. Sun haɗu sau 19, Dodgers ta ci 14. Da suka kara a watan Oktoba, inda wanda ya riga cin uku cikin biyar yake wucewa, Dodgers ta ci na farko 5-3, Padres ta ci na biyu 5-3, na uku 2-1, na huɗu 5-3. A tara makin gaba ɗaya, Padres 15, Dodgers 12 ke nan. Tazarar maki uku a wasa huɗu! A wasa na huɗun ma Dodgers ce a gaba da 3-0 har zango na bakwai cikin tara, a nan Padres ta kwashi maki biyar a hannun masu jifan agaji, wato waɗanda suke karɓar mai jifan da ya buɗe wasa. Ga shi kuma ɗaya daga cikin manyan masu jifan Dodgers, Walker Buehler, tun watan Agusta aka yi masa tiyata a gwiwar hannu. Ko kalma ɗaya cikin wannan ba a faɗa a shirin ba.

Matsalar ita ce mai gabatarwar da idon ƙwallon ƙafa yake kallon wasan. Manchester City ta ci wasa 32 cikin 38 a kakar 2017-18, saboda haka in ƙaramar ƙungiya ta doke ta, labari ne. A besbol ba haka abin yake ba. Dodgers ɗin da ake yi wa gori an doke ta sau 51 a wannan kakar, wato kusan wasa ɗaya cikin kowane uku. Ƙungiyar da ta ci wasa 97 ana kiranta gagara-badau, alhali shida cikin goma kawai ta ci, kuma da yawa a kan raunanan ƙungiyoyi. Duk mai biro da takarda zai iya yin lissafin da kansa: in ƙungiya tana cin abokiyar karawarta shida cikin goma, damarta ta wucewa a karon wasa biyar kashi 68 ce cikin ɗari, a karon wasa bakwai kashi 71. Zakarar shiyya da ta samu hutu, wato aka ɗauke mata zagayen farko, sai ta tsallake karo uku kafin ta ɗauki kofi, ɗaya na biyar, biyu na bakwai. A ninka su, damar ta dawo kusan kashi 34. Wato ko da ta fi duk wanda za ta gamu da shi ƙarfi, sau biyu cikin uku hannu rabbana za ta koma gida.

Amma babban abin da ya kamata a yi wa mutane bayani shi ne masu jifa. A besbol ba mutum ɗaya ke jifa kullum ba. Mai buɗe wasa yana jefa ƙwallo wajen ɗari, sannan dole hannunsa ya huta kwana huɗu, in ba haka ba ƙarfin jifan ya ragu ko jijiyar gwiwar hannu ta tsinke. Don haka kowace ƙungiya tana da masu buɗewa biyar da suke karɓa-karɓa, kowanne ya buɗe wasa kamar 30 zuwa 33 a kaka. Daga Afrilu zuwa Satumba kusan kullum ana wasa, shi ya sa wanda yake da nagartattun na huɗu da na biyar, da isassun 'yan benci, shi yake tara nasara ɗari. Da an shiga Oktoba sai lissafin ya juye. Ana ba da ranar hutu don tafiya bayan wasa na biyu da na biyar a karon bakwai, bayan na biyu da na huɗu a karon biyar. Mai jifa na biyar ya tashi daga aiki, wani lokacin har na huɗu. Koci zai iya jingina da gwanayensa biyu ko uku, ya kuma saka mafi iyawa cikin masu agaji kusan kowane dare. Ƙungiyar da ta ci wasa 88 saboda tana da gwanaye biyu da ragwaye uku, a Oktoba ba ita ce ake fuskanta ba, gwanayen nan biyu ake fuskanta. Yawan ƙwararrun da ya ba babbar ƙungiya tazarar wasa 20 kuwa yana zaune a benci ba ya amfanar kowa.

Misalan suna nan birjik. Arizona Diamondbacks da ta fara wasa a 1998 ta doke New York Yankees a World Series, wato karon ƙarshe na ɗaukar kofi, ta 2001, lokacin da Yankees take riƙe da kofin shekara uku a jere. A ɓangaren Arizona, Curt Schilling ya buɗe wasa na ɗaya, na huɗu da na bakwai. Randy Johnson ya ci na biyu da na shida, washegari ya sake fitowa agaji ya ci na bakwai. Nasara huɗun duka a hannun mutum biyu. A 1988 Dodgers ɗin ce ma ƙarama: New York Mets ta doke ta sau 10 cikin 11 a kaka, amma da suka kara a Oktoba mai jifan Dodgers Orel Hershiser ya buɗe wasa na ɗaya da na uku, ya rufe na huɗu, ya hana Mets maki ko ɗaya a na bakwai, sannan ya ci wasa biyu a kan Oakland mai nasara 104. A 2014 San Francisco Giants wasa 88 kacal ta ci, sai mai jifanta Madison Bumgarner ya fito bayan hutun kwana biyu ya jefa zango biyar na ƙarshe a wasa na bakwai ba tare da Kansas City ta samu maki ba, aka tashi 3-2. Wannan tsarin aiki ne da ake iya bayaninsa a minti biyu a rediyo.

Kuma ba sabon abu ba ne, kamar yadda shirin ya so ya nuna. Chicago Cubs ta ci wasa 116 a 1906, maƙwabciyarta White Sox, wadda 'yan wasanta suka yi ƙaurin suna da rashin iya duka, ta kayar da ita da wasa 4-2 a World Series. Cleveland ta ci 111 a 1954, Giants ta share ta 4-0. A 1960 Yankees ta ci Pittsburgh 16-3, 10-0 da 12-0, ta tara maki 55 Pittsburgh na da 27, amma Pittsburgh ce ta ɗauki kofin da bugun Bill Mazeroski da ya tsallake katanga a zango na tara na wasa na bakwai. Seattle Mariners ta ci 116 a 2001, Yankees ta fitar da ita 4-1 tun kafin wasan ƙarshe. Abin da ya canza shi ne yawan ƙofofin da ake bi. Kafin 1969 ƙungiya biyu kawai suke karawa bayan kaka, daga 1969 suka zama huɗu, a 1995 takwas, a 2012 goma, a 2022 goma sha biyu. Kowane zagaye da aka ƙara wani rami ne a gaban babbar ƙungiya. Shi ya sa a 2023 Atlanta mai nasara 104, Baltimore mai 101 da Dodgers mai 100 duk suka faɗi a karon farko da suka shiga, Texas mai 90 da Arizona mai 84 suka buga na ƙarshe. Masu cewa hutun kwana biyar da ake ba manya kafin karonsu na farko ne yake kashe musu hannu, ban gamsu ba, don Houston ta samu hutun a 2022 kuma ta ɗauki kofin.

In zancen zuciya ne, a tambayi mai gabatarwar wane ne kocin Dodgers a 2022. Dave Roberts ne, mutumin da a 2004, yana ɗan wasan Boston, tana baya da wasa 3-0 a hannun Yankees kuma ana zango na tara, ya saci tasha ta biyu, wato ya ruga can ba tare da an doki ƙwallo ba, a gaban mai jifan Yankees Mariano Rivera, aka farke, Boston ta ci huɗu a jere ta je ta ɗauki kofin da ta yi shekara 86 tana nema. Shi ɗin dai, da Mookie Betts da Freddie Freeman da suka sha kaye a 2022, su suka gamu da Padres a 2024, suna baya 2-1 suka juya karon, suka doke Yankees da wasa 4-1 a karon ƙarshe, alhali nasara 98 suka yi a kakar. A kasuwa suka sayo zuciyar a tsakani?

 

Ina roƙon ku gyara maganar Dodgers a shirin mako mai zuwa, ku kuma ware ko minti biyar ne a yi wa masu sauraro bayanin karɓa-karɓar masu jifa kafin a sake yanke wa wata ƙungiya hukunci.

Naku mai sauraro,
daga Zariya.