Wasiƙa zuwa ga Injiniya Bala kan gadar katako mai rufi

Aminina Injiniya Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na san ka ƙullace ni saboda dogon shirun da na yi. To, yau na zo maka da magana: na tsallaka wata gadar katako a nan Amurka wadda take tsaye tun 1866, kuma har yanzu motoci suna bin ta. Kai da kullum kake cewa katako abincin gara ne, ina ma kana kusa in ga fuskarka.

Gadar tana kan kogin Connecticut, ta haɗa garin Cornish na jihar New Hampshire da Windsor na jihar Vermont. Tsawonta ya kai kimanin mita 137, an yi mata bango da rufi, har wanda ya shiga zai ɗauka dogon zaure ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin rufin, domin katakon da ke ɗauke da nauyin gadar ake karewa da shi. Idan an bar shi ruwa da rana suna dukansa, da wuya ya wuce shekara 20 bai ruɓe ba, amma in an rufe shi yakan kai shekara 100, har ya zarce. Daga ciki ana ganin katakan bangon a giggicce, bisa tsarin da wani masanin gine-gine mai suna Ithiel Town ya yi wa rajista a 1820, wanda ya yaɗu saboda kafintocin ƙauye ma suna iya haɗa shi.

A zamanin keken doki, kamfani ne ya gina ta yana karɓar kuɗin wucewa, kuma ba a daina karɓa ba sai 1943. Har gobe akwai rubutu a ƙofarta mai gargaɗin mahayi ya tafi da dokinsa a hankali ko ya biya tarar dala 2, saboda sassarfar dawaki tana girgiza katako. Da hunturu kuwa, lokacin da ake jan kaya a kan ƙanƙara da keke marar ƙafa, sai an ɗebo dusar ƙanƙara an shimfiɗa a cikin irin waɗannan gadoji, tun da rufin ya hana ta zuba. Ka ji aiki!

Ambaliya ce babbar abokiyar gabarsu. Gadoji uku da suka riga wannan a wurin, ta farkonsu a 1796, duk ruwa ne ya tafi da su.

Ina jiran amsarka, kuma kada ka fake da cewa babu gara a ƙasar sanyi, domin na san can za ka nufa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, ka ce wa Malam Sani saƙonsa yana tafe.

Naka har kullum,
Aminu